Hannun maigadi ma ana ƙirgawa: labarina da Baptis a Legas

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina so in rubuta wannan shaidar amma kullum sai in ce gobe, toh jiya da yamma a wajen mai shayi a Agege wani ɗan garinmu ya sake yi min tambayar da aka yi min ta fi a ƙirga, wai kai Bahaushe ɗan Bahaushe me ya kai ka cocin Yarbawa, cocin gidanku ya ƙare ne? Ban iya bashi amsa a tsaye ba domin maganar tana da tsawo, shine na dawo ɗaki nace bari in zauna in rubuta ta yadda ta faru, da daɗinta da ɗacinta, wanda zai amfana ya amfana.

Ni mutumin ƙasar Zazzau ne, wani ƙauye ta wajen Ikara. Kakana Bamaguje ne, har ya koma ga Mahaliccinsa bai shiga masallaci ba bai shiga coci ba, babana ne ya karɓi bishara yana saurayi ta hannun wani katikis, wato malamin coci, na Angilikan da yake zagaya ƙauyuka a kan keke. Saboda haka ni a Angilikan na buɗe ido. An yi min baftisma ban cika wata uku ba, limami ya zuba min ruwa a goshi, katin yana nan har yau a ƙasan akwatin Inna nannaɗe a leda, ina shekara goma sha biyar kuma bishop yazo ya ɗora mana hannu na fara cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake ci a coci don tunawa da mutuwar Yesu. A lokacin in ka ce min Baptis, abinda na sani kawai shine cocin Yarbawa masu shaguna a Sabon Garin Zariya, shikenan.

Baba ya rasu, noma ya kasa riƙe gida, a 2009 bayan an gama girbi na hau tirelar shanu na nufo Legas. Wanda ya sauke ni a Agege Musulmi ne ɗan garinmu, kuma dole in faɗi alherinsa anan, ya san ni Kirista ne tun daga gida, bai taɓa nuna min bambanci a kwano ko a tabarma ba, ranar Lahadi ma shi yake cewa kai yau baka zuwa cocin ne. Amma ina zan je? Ban jin Yarbanci, Turancina na firamare ne. Na yi dako, na yi turin baro, daga baya a 2010 aka samo min gadi a gidan wani mutum a Surulere.

Oga na kira na Malam kamar yadda suke kiran duk wani ɗan Arewa. Wata rana da dare ya shigo ɗakin get yana neman makullin janareto sai ya ga Littafi Mai Tsarki na Hausa a kan tabarmata a buɗe, ya ɗauka ya juya shi yace na waye, nace nawa ne. Ya daɗe yana kallona. Shi duk tsawon rayuwarsa zatonsa duk mai jin Hausa Musulmi ne, in ma Kirista ne to ɗan Jos ne ko kudancin Kaduna, amma Bahaushe mai hula da kaftani bai taɓa gani ba. Ashe shi dikin ne, wato ɗaya daga cikin dattawan da ke taimakon fasto, a wani cocin Baptis, Lahadin da ta biyo ya sa ni a gaban mota muka tafi.

Abin da na fara lura dashi shine babu limami mai farar riga, babu jerin gwano da gicciye, fasto yana sanye da kwat kamar ma'aikacin banki, wurin wa'azi a tsakiya sosai, a bayansa kuma akwai wani labule wanda daga baya na gane ramin ruwa ne na baftisma a bayansa. Kafin sujada kowa har tsofaffi masu furfura sai ya shiga ajin makarantar Lahadi, mu a gida wannan na yara ne. Ina zama a bencin baya, rabin wa'azin yana wuce ni, amma waƙoƙin da yawa muryarsu ɗaya da namu na Hausa, sai in riƙa rerawa da Hausa a hankali su suna yi da Yarbanci.

Ranar da aka fara yin Jibin Ubangiji ina wurin, dikinoni suka taho da faranti da ƙananan kofuna, na miƙa hannu sai oga ya dafa ni a hankali yace in dakata tukuna, na waɗanda aka nutsar a ruwa ne. Jikina yayi sanyi. Ni da nake ci tun ina shekara sha biyar, yau an ce in dakata. Ban ce komai ba amma abin ya zauna min a ƙirji.

Sai kuma abin da ya kusa raba ni da su gaba ɗaya. Kun tuna ranar Kirsimetin 2011 da bam ya tashi a cocin Katolika na Madalla kusa da Abuja, mutane suka mutu suna fitowa daga sujada. Tsoro ya shiga ko'ina har Legas, majami'u suka sa masu bincike a bakin ƙofa da wannan sandar mai ƙara. Lahadin da ta biyo ita ce ranar sabuwar shekara, oga ya tafi garinsu da iyalinsa, ni kuma na ɗinka sabon kaftani na sa hula na ɗauko Littafina a leda na taho ni kaɗai ina murna. Ina isowa aka tare ni. Kowa ana duba shi ya wuce, ni aka ce in koma gefe, in ajiye ledar a ƙasa, in ɗaga riga, wani saurayi yana ta ɗaga murya yana nuna ni, mata suna jan 'ya'yansu suna matsawa nesa, ina ce musu ni ɗan nan cocin ne shekara ɗaya da rabi ina zuwa babu mai saurarona. 'Yan'uwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutanen da aka kashe a Madalla 'yan'uwana ne, ni ma a gida muna kwana da fargaba, amma yau ni ne abin tsoro a ƙofar gidan Ubana. Wata tsohuwa ce 'yar ƙungiyar mata ta WMU, wadda kullum take zama a bencin da ke gabana, ta fito ta ratsa mutane ta kama hannuna ta ce musu wannan ɗana ne, ta duƙa da kanta ta ɗauki ledar ta ciro Littafin ta ɗaga sama, ta ja ni har ciki ta zaunar da ni kusa da ita. Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ranar ba, hawaye kawai nake haɗiyewa. Daga ranar na daina zuwa.

Wajen wata biyu ina zaune, oga yayi magana yayi magana na ce ya ƙyale ni. Wata Talata da rana ana zafi aka ƙwanƙwasa get, na buɗe sai ga fasto da kansa, shi kaɗai. Nace oga baya nan, yace ba wurin oga yazo ba. Ya shiga ɗakin get ɗin nan da ko tagar kirki babu, ya zauna a kan bencina, ya ce min da Hausarsa mai karyewa, ka yi haƙuri ɗan'uwa, mun yi maka laifi. Ashe ya taɓa zama a Jos yana saurayi. Bai kare kowa ba, bai ce ai tsoro ne ya jawo ba, yace laifi ne kuma ya faɗa a gaban ikilisiya. Ni tunda nake babban mutum bai taɓa takowa ya ba ni haƙuri ba. Wannan zaman da yayi a kan benci shi ya mayar da ni.

Bayan na koma na shiga ajin baftisma, kuma gaskiya da gardama na shiga. Nace masa Baba ni an riga an yi min, ga katina a gida, baftisma ɗaya ce Littafi ya faɗa. Yace shi ma ya yarda ɗaya ce, tambayar ita ce wace ce ɗayar. Muka buɗe Ayyukan Manzanni sura 8 inda Filibus da mutumin Habasha suka gangara cikin ruwa bayan mutumin ya ji ya kuma nema da bakinsa, muka buɗe Romawa sura 6 inda ake maganar binnewa tare da Almasihu da tashi, yace su Baptis abin da suka tsaya a kai tun asali kenan, mutum ya ba da gaskiya tukuna da hankalinsa sannan a nutsar dashi, jariri kuwa ba a tambaye shi ba. Nace ai ranar da bishop ya ɗora min hannu na amsa da bakina. Yace bai raina wannan ba, kuma ba zai ce min iyayena sun yi banza ba, amma ƙa'idar zama ɗan ikilisiya a wurinsu ita ce nutsarwa, in je in yi addu'a kada in yi don oga kada in yi don kofin Jibi. Na fi wata shida ina juya maganar. Abin da ya kama ni a ƙarshe shine da na duba raina, ranar ɗora hannun nan abin da ya fi damuna sabon takalmina ne da shinkafar da za a dafa, amma a ɗakin get a Legas cikin dare ni kaɗai, nan ne na san na kira Yesu da kaina ya kuma amsa min. Sai naji ina so in shiga ruwan da ƙafafuna.

A ajin ne kuma na san tarihinsu, domin Baptis suna son tarihinsu sosai. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Bowen ne ya kawo ta ƙasar nan a 1850, ya sauka ta Badagry nan kusa da mu ya shiga ƙasar Yarbawa, makarantar horar da fastoci ta Ogbomoso tun 1898 take, babbar ƙungiyarsu kuma a Ibadan aka kafa ta a 1914, hedkwatar tana can har yau. Arewa kuwa Yarbawa 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe ne suka tafi da ita, duk inda suka sauka a Kaduna ko Jos ko Kano sai su fara taruwa, shi ya sa mu a gida muke ce mata cocin Yarbawa. Amma fasto ya nuna min cewa akwai makarantar fastoci ta Baptis a Kawo cikin Kaduna wadda aka buɗe domin masu wa'azi da Hausa, kuma akwai ikilisiyoyin Baptis da yawa a kudancin Kaduna da Neja da sauran wurare waɗanda babu Bayarabe ko ɗaya a ciki.

Matsalar ita ce Inna. Na kira ta a waya na faɗa mata, tayi shiru har na zaci layin ya yanke, sai tace ashe wanka muka kai ka coci aka yi maka? Ni da na goya ka na taka har coci ana yayyafi, ubanka ya sayar da akuya aka yi abinci, yau Yarbawa sun ce maka ba ta karɓu ba? Nace Inna ba haka bane, tace toh yaya ne, na rasa amsar da zan bata wadda ba za ta yi mata zafi ba. Wata huɗu bata ɗauki wayata ba. Har gobe ina faɗa a ko'ina, har a gaban fastocin Baptis, ban yarda wani ya ce min matar nan bata san Ubangiji ba don ba a nutsar da ita ba, addu'arta ta asuba ita ta riƙe gidanmu, ni ban kai ƙurar ƙafarta ba a bangaskiya. Wasu 'yan Baptis suna magana kamar ruwan ne yake ceto alhali koyarwarsu da kanta ta ce ba shi bane, wannan yana ɓata min rai.

Ranar Ista ta 2013 aka yi min. Farin yadi, ruwan sanyi ƙalau har ƙirji, fasto ya tambaye ni da Hausa ko na karɓi Yesu Ubangiji da Mai Ceto, nace i na karɓa, da ƙarfi yadda na baya za su ji. Da na fito tsohuwar nan ce take tsaye da tawul.

Ƙarshen shekarar na yi aure, matata 'yar wajen Kafanchan ce kuma ita a Baptis aka haife ta, tun tana yarinya tana GA ƙungiyar 'yan mata. Ita ce ta fara cewa mu riƙa tara masu jin Hausa muna waƙa. Muka fara mu biyar a ɗakin get ranar Alhamis da dare, masu gadi biyu, ɗan acaɓa ɗaya, da mu. Kafin ka ce me mun fi talatin, mutanen Zonkwa, Billiri, Numan, Zuru, matan sojoji daga bariki, sannan a 2014 da Michika da Mubi suka faɗa hannun 'yan Boko Haram wasu suka gudo Legas wurin 'yan'uwansu da kayan jikinsu kawai. Yawancinsu ba Hausawa bane kuma ba 'yan Baptis bane, daga majami'un ECWA suke da COCIN da EYN da HEKAN, Hausa ce ta haɗa mu. In matan nan suka ɗauki tulu da caki suka fara waƙar zumunta sai ka ga ƙato yana share ido.

Ɗakin ya yi mana kaɗan, muka rubuta takarda muna roƙon a bamu wuri da lokaci a coci mu riƙa sujada da Hausa. Anan ne na ga abin da ya ɗaure ni da Baptis har yau. A Angilikan in bishop yace a yi an yi, in yace a'a magana ta mutu. Su kuwa kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta, Ibadan bata aiko da umarni a kan irin wannan, fasto ma ba shi da ikon yankewa shi kaɗai. Takardar ta shiga kwamiti, ta je wurin dikinoni, sannan aka kawo ta babban taron ikilisiya, wanda ake yi bayan sujada, a rufe ƙofa, duk wanda aka yi wa baftisma sunansa yana littafi yana da baki yana da hannu. A taron nan ma'aji yake tashi ya karanta kuɗin da ya shigo da wanda ya fita har kuɗin man janareto, kuma kowa yana iya tashi yace ban gane wannan ba a maimaita.

Wanda ya fara tashi ya ƙi maganarmu shine ogana. Mutumin da nake ci a ƙarƙashinsa, nake kwana a gidansa da matata da jaririyarmu. Kuma ba da mugunta ya yi ba, yace raba sujada raba ikilisiya ne, yau Hausa gobe wasu su ce nasu yaren, yace yawancin mutanen nan ba membobi bane ba a san su ba ga halin tsaro, yace wa zai biya mai wa'azi. Mutane da yawa suna gyaɗa kai. Gabana yana ta faɗuwa, matata tana taɓa ni da gwiwar hannu, ban san lokacin da na ga kaina a tsaye ba. Na yi magana da Turancina na kasuwa, nace shekara biyar ina zaune a bencin baya ina tsintar wa'azi kamar kaza tana tsintar tsaba, akwai matan da suka gudo daga Michika da ba su jin ko kalma ɗaya, sun binne mazajensu saboda sunan nan da muke kira, in ba za su ji maganar Allah da harshen da suke kuka dashi ba to ina za su ji ta. Na zauna ƙafata tana rawa.

Sai wani tsoho da ya haura tamanin, wanda ba kasafai yake magana ba, ya dogara sandarsa ya tashi. Yace ku yara kun manta tarihinku. A 1888 a nan Legas kakanninmu suka fice daga cocin Baptis na farko saboda Baturen mishan ya sallami fastonsu baƙar fata Moses Ladejo Stone ba tare da ya saurari ikilisiya ba, suka je suka kafa nasu wanda ya zama cocin Baptis na Ebenezer, domin sun ce su ma mutane ne masu baki. Yace yau mu ne muke zaune a kujerar Baturen, ku duba da kyau abin da za ku yi da ita. Wuri yayi tsit.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Oga yana layi na biyu ya juyo yana kallona. Na tuna albashina, na tuna ɗakin da muke ciki, na ɗaga hannuna har sama. Sakatare ya bi layi layi yana ƙirgawa, ya zo kaina ya nuna ni da biro yace lambar da ta biyo ya wuce, kamar yadda ya ƙirga na lauya da na likita da ke gefena. Ɗaya ɗaya. Muka yi rinjaye da 'yan hannuwa kaɗan.

Kwana tara oga bai ce min komai ba sai hon in buɗe hon in rufe, har na fara tambayar inda ake neman maigadi. Rana ta goma ya tsayar da mota a bakin get ya sauke gilashi yace min a gidan nan ni ne oganka, a coci kuwa hannunka da nawa ɗaya ne, haka aka koya min tun ina RA ƙungiyar yara maza, kuma ikilisiya ta yanke, ya miƙo min makullin ɗakin yara na coci domin shi ne shugaban kwamitin kula da gini. Har yau yana ganin kuskure aka yi, ya sha faɗa min, amma bai taɓa tauye min kwabo ba har na bar aikinsa a 2019 na koma sayar da albasa a kasuwar Mile 12.

Kada wani ya ɗauka komai zuma ne, akwai abubuwan da suke ci min rai kuma zan faɗe su domin gidana ne. An bamu ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da kowa ya watse zafi ya sauko, a kan kujerun yara. Shekaru muka yi babu fasto namu sai mu da kanmu muke karɓa-karɓa, kullum amsar ita ce baikonku, kuɗin da kuke sakawa a sujada, bai kai ba, toh maigadi da ɗan acaɓa nawa za su saka? In za a ɗauki kujeru ko a kafa rumfa mu ake fara nema, in ana zaɓen dikinoni ba a tuna da mu, har yanzu a rahoto ana rubuta mu a ƙarƙashin aikin bishara kamar waɗanda ake nema a tubar, alhali a cikinmu akwai wanda kakansa ma Kirista ne. Ga ambulan na neman gudummawa, makon wannan makon wancan, na maza na mata na gida na waje, talaka yana jin kunya ya mayar da ita babu komai. Ga jan lokaci, wani ɗan'uwanmu mota ta karya masa ƙafa muka nemi taimako aka ce sai kwamiti ya zauna, a daren muka zagaya da hula a tsakaninmu muka kai shi asibiti, taimakon coci ya zo bayan sati uku.

Wanda yafi yi min ciwo shine na faston nan da ya zauna a bencina. Tsarin da ya ba maigadi hannu shi ne kuma ya ba masu kuɗi damar haɗa kai. Tunda ikilisiya ce take kiran fasto ita take biyansa, in wasu manya suka juya masa baya babu bishop da zai tsaya masa ko ya ɗauke shi ya kai wani wuri cikin mutunci. Ya taɓa wasu a wa'azi, aka fara ƙananan maganganu, aka riƙa matse shi a taro bayan taro har ya gaji ya ajiye ya tafi. Ranar na ɗaga hannu a gefensa amma hannunmu bai kai ba. Na yi kuka a motar danfo har Oshodi. Wasu cikinmu suka bar Baptis a lokacin suka koma cocin da ake annabci da man shafawa, ni ma na leƙa sau biyu, amma na kasa zama inda mutum ɗaya ne mai coci da asusu kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi, na riga na saba da inda zan iya tashi in ce ban gane ba.

Shekarun baya sun girgiza mu. Kullen korona na 2020 ya hana taro wata da watanni, sannan daga 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida har da Surulere, samarinmu da yawa suka tattara suka koma gida ko suka matsa bayan gari, sujadarmu ta ragu kusan rabi. Amma a tsakani akwai ranar da ba zan manta ba. A 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar sakandaren Bethel ta Baptis a ƙaramar hukumar Chikun a Kaduna. Lahadin da ta biyo muna cikin ɗakin yara da rana sai muka ga ƙofa ta buɗe, Yarbawan coci suna shigowa, dikinoni, matan WMU, har oga, babu wanda ya gayyace su, suka tsaya a jikin bango domin kujerun sun yi musu ƙanana. Suka ce sun zo mu yi addu'ar tare kuma mu yi ta da Hausa, harshen iyayen yaran. Matata ce ta jagoranta, tana yi tana kuka, su suna amin. Bayan wannan ne aka sa kuɗin mai wa'azin Hausa a cikin kasafin coci, yanzu muna da wani matashi da ya yi karatu a Kawo, kuma an matsar da mu ƙarfe bakwai na safe.

Na koma kan Inna. Mun shirya tuntuni amma da aka haifi 'yarmu ta fari maganar ta sake tashi, domin a Baptis miƙa yaro ake yi ga Ubangiji a yi masa addu'a, ba a zuba masa ruwa. Inna tace in yarinyar nan ta mutu a haka fa? Nace Inna tana hannun Yesu da ruwa ko babu ruwa. Tace Allah ya sa, amma na san bata gamsu ba, duk zuwanmu gida sai ta shafa kan yarinyar ta yi shiru. Yanzu yarinyar tana shekara goma sha ɗaya, watan jiya ita da kanta ta zo ta same mu tace tana so ta shiga ajin baftisma, ba wanda ya tura ta, na ma ce ta bari ta ƙara girma tace a'a ta san abin da take yi. Na kira Inna ina ɗari-ɗari na faɗa mata, sai tace a ba yarinyar wayar, suka daɗe suna magana ban san me suka ce ba. Da aka dawo min da wayar tace ku faɗa min ranar da wuri, zan zo in ga wannan ramin ruwan naku da idona.

Inna bata taɓa wuce Kaduna ba a rayuwarta, gwiwoyinta suna damunta, hanyar kuma kun san yadda take. Ƙanena zai rako ta a mota, ina tara kuɗin motar a hankali daga cinikin albasa. Dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a Ubangiji ya kawo ta lafiya ya mayar da ita lafiya, ya kuma sa a samu wanda zai ɗauki nauyin karatun yaran wasu mata biyu 'yan Michika da har yanzu suke tare da mu.